Kawu Isuhu a Layin Abinci

Azumin bana ya faɗo cikin sanyi. Jiya da la'asar ina tsaye a ƙofar masallacinmu na unguwar Bronx a birnin New York muna miƙa wa mutane ledojin shinkafa da mai da dabino, sai dusar ƙanƙara ta fara sauka a hankali, ba iska, ba ƙara. Na tsaya ina kallonta, na ga ashe wata ya zagayo ya dawo inda ya taɓa samun mu shekara talatin da suka wuce, lokacin ina unguwar Harlem da goyo. Tun daga nan Kawu Isuhu bai bar raina ba.

Na zo New York daga Maraɗi a ƙarshen shekarun tamanin, na iske mijina Sani yana kasa kaya a bakin babban titin Harlem. Huluna yake sayarwa da jakunkuna da turare da yadin atamfa. Teburin da ke kusa da nasa na kawunsa ne, Kawu Isuhu, ƙanen mahaifiyarsa, mutumin wani ƙauye ne arewa da Dakwaro. Dogo ne siriri, ba ya son magana. Ya bar gida bayan babbar yunwar tsakiyar shekarun tamanin, ya yi Abijan, daga can ya ƙetaro. Matarsa, Inna Hajo, tana ƙauye da sauran yaransu, yana yi musu aike, amma ban taɓa jin ya ce zai je ganin gida ba. A falonmu yake kwana, da safe ya naɗe katifarsa ya jingine ta bayan ƙofa. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta surukai. Ba na cin abinci a gabansa, shi kuma in zai yi mini magana bango yake kallo.

Shekarun farko mun ji daɗi. Titin nan cika yake yi da baƙi masu yawon buɗe ido, ni kuma ina yin kitso a gida. Muna sayen shinkafa buhu guda a shagon 'yan Afirka, ranar Juma'a in yi miyar kuka, samarin garinmu su cika falo. Sai wata kaka hukuma ta tashi masu kasa kaya daga bakin titin, aka mai da su wani fili can gefe inda mai saye ba ya zuwa. Aka shekara ana cin jari. Da abin ya ƙi, Sani ya bi wasu abokansa zuwa jihar Karolina, can kudu, inda aka ce ana ɗaukar ma'aikata a kamfani, da niyyar in ya zauna da gindinsa ya aiko mu bi shi. Ya bar ni da Mariyama, tana da shekara ɗaya da 'yan watanni, ya bar mu a hannun Kawu.

Bai daɗe da tafiya ba aka yi wata ƙanƙara da ban taɓa ganin irinta ba. Ta binne motoci har sai dai ka ga tudu-tudu a jere, bas ta daina tafiya, gari ya yi tsit. Bututun ɗumama ɗaki na gidanmu dama ƙwanƙwasa yake yi kamar ana bugunsa da guduma, sai wata safiya ya yi shiru, mai gidan kuma aka neme shi aka rasa. Na liƙe tagogi da leda, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Da rana in kunna tandar girki in bar murfinta a buɗe, mu zauna a gabanta ni da yarinya. Da rigunan sanyi muke kwana. In ka yi magana a cikin ɗaki sai ka ga hucin bakinka. Masu kitso suka ɗauke ƙafa, don ba wadda za ta cire hula ta zauna yini guda a ɗaki irin wannan. Aikin da Sani ya je nema kuma bai samu da wuri ba.

A haka azumi ya kama. Yinin gajere ne, ƙishirwa ba ta damun mutum, amma yunwar sanyi daban take, a cikin ƙashi ake jin ta. Buhun shinkafa kullum sai na ƙara naɗe bakinsa ƙasa, har ya zama ina zazzage kusurwoyinsa. Mai ya ƙare, albasa ta ƙare. Sahur ya koma shayi da busasshen burodi, buɗa-baki kunun garin masara ba sukari. Kawu ya ce in ajiye azumi tunda ina shayarwa, na ajiye, amma ban ga bambanci ba, don abin da zan ci da rana shi ne dai abin da babu. Nonona ya ja baya. Mariyama ta rage kuka, wannan ya fi kukan tayar mini da hankali.

Kawu kullum sai ya tura keken kayansa zuwa filin nan, ko da ba zai sayar da komai ba. Da magariba ya wuce masallaci ya sha ruwa can, ya dawo da 'yar shinkafa a ƙunshe cikin aljihun rigar sanyinsa, ya ajiye a kan tebur ya ce ragowa ce aka raba. Da na ga yadda wuyansa ke ƙara tsawo, na gane rabonsa ne yake kawowa.

Ƙofarmu tana kallon ta wata tsohuwa baƙar Ba'amurkiya, Mis Odesa, wadda ta yi aikin wanki a asibiti har ta yi ritaya. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, sai wasa da take yi wa Mariyama a matakala. Wata safiya ta ƙwanƙwasa, ta ce ta kwana biyu ba ta ji ƙamshin albasata ya shigo mata ta ƙasan ƙofa ba, ko lafiya? Na ce azumi muke yi. Ta ce ta san azuminmu, ta kuma san da dare muna ci. Ta wuce ni ta shiga kicin ta buɗe firij, ta ga wayam, ta rufe. Ta ce ranar Laraba in shirya, za ta kai ni cocinsu, ana raba abinci a ɗakin ƙasa.

Na ce ni Musulma ce, kuma a gidanmu ba a bara. Ta zauna a kujerar kicin ta yi mini bayani a hankali, don Turancina lokacin bai nuna ba. Ta ce abincin ba na coci ba ne, ɗaki kawai suka bayar. Akwai wani babban sito a Bronx, shi ake kira bankin abinci. Manyan kantuna da kamfanoni suna kai masa abin da ya yi musu yawa, gwangwanin da ya lotsa, burodin jiya, abin da da can juji ake kai shi, gwamnati ma tana ƙarawa da nata. Daga siton ne mota ke rarraba wa coci-coci. Ta ce tana yarinya ba a san wannan ba. Yadda ta ji, a wani gari mai zafi can yamma aka fara, inda wani mutum ya ga wata mata tana tsintar abinci a bayan kantuna don 'ya'yanta, matar ta ce masa da ma akwai wurin da mai rara zai ajiye, marar shi ya je ya ɗauka, kamar banki. Daga nan abin ya bi gari-gari har ya iso nan. Su kuma a cocinsu, da suka buɗe ɗakin a farkon shekarun tamanin, cewa suka yi na sanyi ɗaya ne, in abubuwa suka daidaita su rufe. Ga shi an fi shekara goma, layin sai ƙara tsawo yake yi.

Da ta gama sai na tuna rumbun tsimi na garuruwanmu, wanda kowa ke zuba damminsa da kaka, a buɗe shi in damina ta yi nisa hatsi ya ƙare. Da wannan na lallashi zuciyata. Kawu kuwa ban gaya masa ba.

Ranar Laraba Mis Odesa ta riga ni tafiya don tana cikin masu rabo. Na goya Mariyama, na ɗora babbar rigar sanyin Sani a kanmu duka biyu, na fita. Layin ya taso daga matakalar ɗakin ƙasan, ya bi jikin bangon cocin ya sha kwana. An share ƙanƙara an yi 'yar siririyar hanya, mutane suna tsaye ɗaya bayan ɗaya a cikinta, tudun ƙanƙara a gefe ya kai ƙugu. Akwai tsofaffi da sanduna, akwai mata masu jin Sifaniyanci da kekunan jarirai, akwai wani da kayan aikin gadi a jikinsa. Ba mai kallon idon wani. Iska tana fitowa daga wajen kogi tana yanka kunne. Motar abincin ta makara saboda hanya, aka ce sai ta zo za a buɗe. Yatsun ƙafata suka daina jin komai. Mariyama ta yi ɗan motsi da farko, daga baya ta yi luf, na ce barci ne.

Ban ga zuwan Kawu ba. Ashe ya tashi daga kasuwa da wuri, hanyarsa ta biyo ta gaban cocin. Sai dai na ji keken kayansa ya kife a kan titi, na waiwaya na gan shi yana tsallako tudun ƙanƙara, fuskarsa ta sauya kamar ba shi ba. Bai yi mini sallama ba. Mutumin da bai taɓa haɗa ido da ni ba, ya ɗage rigar daga bayana, ya cusa hannu ya kama ƙafar yarinyar, ya kai yatsa hancinta, yana kiran wani suna da ba nata ba. Sanyin hannunsa ya tashe ta, ta tsala kuka. Sai ya saki, ya zauna a kan ƙanƙarar nan daɓas, yana numfashi sama-sama. Mutanen layi suka zuba mana ido. Da ya dawo hayyacinsa ya ce in kwance ta. Ya sa ta cikin rigarsa ya tafi da ita gida, ya bar keken a inda ya faɗi, sai ni na turo shi daga baya da ledojin abincin a kai.

Na ɗauka faɗa zai yi don na je coci. Ranar bai je masallaci ba. Na dafa taliya da waken gwangwani na ajiye masa, ya sha ruwa, ya yi salla, bai taɓa abincin ba. Ya zauna yana kallon bango, ya kira sunana.

"Rabi, ba zuwan ne ya dame ni ba," ya ce. "Shekarar yunwa an kawo jar dawa ta taimako a Dakwaro. Innarku Hajo ta tafi layi da autarmu Habsu a bayanta. Tun hantsi take tsaye cikin rana har la'asar. Yarinya ta yi shiru, tana cewa barci take. Da aka zo kanta ba ta da abin zuba dawar, ta ce bari ta kwance goyon ta tara zanen. Nan ta ga ashe tun tuni rai ya yi halinsa. Ta yini tana goye da ita ba ta sani ba."

Na yi salati a hankali. Na tambaye shi yana ina lokacin, ya ce ya tafi neman abin da dabbobi za su ci. Sannan ya ce daga yau kada in sake kai yarinya layi. Shi zai riƙa zuwa.

Laraba ta zagayo, ya ajiye keken kayansa ya tafi da azuminsa. Ya dawo da ledoji, ya kuma dawo da damuwa, don ya ga mata da yara a layin, wasu ma ba su kai Mariyama ba. Ya sa ni na raka shi wurin Mis Odesa in yi masa tafinta. Ya ce a roƙi masu cocin su bar mata masu yara su jira a ciki. Ta ce ɗakin ƙasan ƙarami ne, doka ba ta yarda a cika shi ba. Ya ce to saman fa, inda suke ibada, ai ranar Laraba ba kowa. Ta yi magana da fastonsu ya yarda, amma aka ce in matan suka bar layi rigima za ta tashi, wasu za su ce an tsallake su. Kawu ya ce shi zai tsaya a madadinsu.

Haka aka yi. Yakan riga kowa zuwa. Duk macen da ta iso da yaro, ya nuna mata ƙofar sama da ɗan Turancin da yake da shi, ya riƙe a kansa bayan wa take. In wurinta ya matso bakin matakala ya je ya kira ta, ya koma ya tsaya wa ta gaba. Nasa rabon sai an kusa rufewa yake karɓa. Akwai matan da ba su yarda su shiga ba, suna tsoron a ci wurinsu. Waɗannan yakan riƙa zagayawa yana leƙa kekunan yaransu, in ya ga yaro ya yi shiru da yawa sai ya taɓa masa ƙafa. Wata ta taɓa ture hannunsa ta zazzage shi da zagi, ta ce za ta kira 'yan sanda. Bai ji abin da take faɗa ba, ya dai ja da baya ya tsaya inda zai iya hango keken. Mis Odesa ta ja matar gefe ta yi mata magana. Mako na gaba matar nan ce ta kawo masa safar hannu ta ulu. Mutanen layin suka sa masa suna Ankul, wato Kawu da Turanci.

Gidanmu kuwa tukunya ta dawo kan wuta. Na koyi gane kalmar naman alade a jikin gwangwani, Mis Odesa ma ta shiga ware mana waɗanda babu shi. Markaɗaɗɗiyar gyaɗar da suke shafa wa burodi na mai da ta miya, garin masara na tuƙa tuwo da shi, madarar gari ta shiga kunu. Akwai wani dogon cuku rawaya mai gishiri da ban san yadda zan yi da shi ba, Mariyama ce ta riƙa gatsarsa. Nonona ya dawo. Na gaya wa matan garinmu biyu da na san halin da suke ciki, su ma suka gaya wa wasu, aka fara ganin kallabi da mayafi a kujerun cocin nan, muna zaune a baya muna hira ƙasa-ƙasa, yara suna barci a kan benci cikin ɗumi.

Tari ya kama Kawu cikin goman ƙarshe. Na ce ya huta ni in je, Mis Odesa za ta samo mai riƙe yarinya. Ya ce matan sun saba da shi, in bai je ba za su fito da yaran waje. Larabar ƙarshe ta azumin ruwa aka yi haɗe da ƙanƙara, irin wanda ke shiga takalmi. Ya dawo jiƙe sharkaf, haƙoransa na haɗuwa. Washegari bai iya naɗe katifarsa ba. Ya ƙi asibiti, yana tsoron a tambaye shi takardu. Na yi masa shayin citta, na gasa masa ƙirji da tawul, zazzaɓin bai sauka ba. Ranar Salla daga kwance ya ji kabbarar masu wucewa masallaci. Da Mis Odesa ta shigo ta ji yadda numfashinsa ke ƙara, ba ta nemi izinin kowa ba ta kira motar asibiti. Likita ya ce sanyi ya cinye huhun duka biyu. Bayan 'yan kwanaki ya cika, Sani yana cikin bas a hanya bai iso ba.

A jihar New Jersey da ke maƙwabtaka da mu aka binne shi. Maza da suka dawo suka ce ƙasar ta daskare, sai da inji aka haƙa kabarin. Mis Odesa ta ɗaura ɗankwali ta zauna da mu zaman makoki, matan layin ma wasu suka zo da abin da suka dafa, ba mu jin yaren juna, muka dai zauna.

Cocin bai koma barin yara a waje ba, wani dattijo daga cikinsu ya karɓi tsayuwar. Sani bai koma Karolina ba, ya kama tuƙin tasi, daga baya muka tashi zuwa Bronx. Kafin shekarun casa'in su ƙare masallatanmu ma suka fara karɓar kaya daga siton nan suna rabawa. Yanzu kusan kowace unguwa akwai wurin rabo, har naman halal ake samu, wasu wuraren ma ta waya ake ba mutum lokacin zuwansa. Mis Odesa ta rasu da daɗewa, ɗakin da suka buɗe don sanyi ɗaya har yau a buɗe yake.

Sai da takarduna suka fito, shekaru da yawa bayan haka, na samu zuwa gida. Na ɗauki mota daga Maraɗi zuwa Dakwaro, daga can aka kai ni ƙauyensu a babur, don in yi wa Inna Hajo gaisuwa baki da baki. Na same ta a gindin bishiya tana tsince gero a faifai, ta tsufa ƙwarai amma idonta garau. Bayan mun gaisa mun yi addu'a, na ba ta labarin sanyin nan duka. Na ce ya gaya mini abin da ya same ta a layin dawa, ita da Habsu, kuma saboda kada wata uwa ta ga abin da ta gani ne ya tsaya har ciwon ajali ya kama shi.

Ta daina tsintar. Ta dube ni ta ce, "Haka ya gaya miki, ɗiyata?"

Na ce haka ya ce.

"Ni ban je layin nan ba," ta ce. "Ina kwance, ko zama ba na iyawa, nono babu. Ya ce in aka ga yarinya a jikinsa wataƙila a tausaya a ba shi da wuri. Da rawaninsa ya goya ta, mutane na yi masa dariya. Shi ya yini da ita, shi ya kwance ta."

Ta ce da ƙafa ya dawo daga Dakwaro, yarinyar a kafaɗa, dawar a ƙulle cikin rawanin. Aka binne Habsu da magariba, washegari aka daka dawar, don akwai sauran yara, suka ci, ita ma ta ci. Shi bai sa ta a baki ba. Bayan sadakar arba'in ya ce zai tafi cin rani, bai sake kwana a garin ba.

Ta jawo faifan ta ci gaba da tsintar geronta. Can ta tambaye ni ko sanyin ƙasar nan ya kai yadda ake faɗa. Na ce mata ya kai.